Ɗaukar Hoton Hasken Arora a Tsananin Sanyin Arewacin Duniya

Hasken arora wani haske ne da yake bayyana a sararin sama da dare a ƙasashen da suke kusa da ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya. Yakan fara ne da wani zirin kore mai dishi-dishi da ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Wani lokaci haka zai tsaya awa guda ko motsi bai yi ba. Wani lokaci kuma sai ya tsage ya zubo layi-layi, yana naɗewa yana warwarewa, gefensa na ƙasa ya yi ruwan hoda, samansa ya yi ja, ya cika sama cikin 'yan mintoci, sannan ya lafa. Jama'a da yawa suna tafiya takanas kowace shekara domin su gan shi, kuma kusan kowa yana so ya koma gida da hotonsa. Sai dai lokacin da aka fi ganinsa shi ne lokacin da sanyi yake tsananta. Don haka mai ɗaukar wannan hoto yana fama da duhu, da haske mai motsi, da sanyin da yake kashe batir yake kuma cin yatsa.

Asalin hasken daga rana ne. Rana tana da nisan kilomita kusan miliyan 150 daga duniya, kuma dare da rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, waɗanda masana suke kira iskar rana. Gudun wannan iska yakan kai kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya, wani lokaci ma ya ninka haka. Duniya tana da garkuwar maganaɗisu da take kautar da mafi yawan ƙwayoyin. Amma layukan maganaɗisun suna lanƙwasowa su nufi ƙasa ta ƙuryar arewa da ta kudu. To ta nan ne wasu ƙwayoyi suke gangarowa su yi karo da iskar da take can sama, karon kuma ya sa iskar ta fitar da haske. Iskar oksijin da take tsakanin kilomita 100 zuwa 200 daga ƙasa ita take ba da kore. Sama da kilomita 200, ja take bayarwa. Naitirojin kuwa shi yake kawo shuɗi da ruwan hoda. Wannan yana nufin hasken yana can sama da gajimare nesa ba kusa ba. Duk daren da gajimare ya rufe sama, babu abin da za a gani, komai ƙarfin hasken.

Hasken yana yin zobe ne a kewayen ƙuryar maganaɗisun duniya. A arewa, zoben yana ratsa galibi tsakanin digiri 65 zuwa 70 daga layin da ya raba duniya biyu. Ƙarƙashinsa ko dab da shi akwai Tromso da Alta a Nowe, da Abisko a Suwidin, da arewacin Finlan, da Aisilan, da Girinlan, da Murmansk a Rasha, da Fairbanks a Alaska ta Amurka, da Yellowknife a Kanada. Birnin Kano yana kan digiri 12, shi ya sa ba a san wannan haske a ƙasar Hausa ba. Waɗanda karatu ko aiki ya kai su waɗancan ƙasashe su ne suke da damar ganinsa. Lokacinsa daga Satumba ne zuwa ƙarshen Maris, domin a watannin zafinsu rana ba ta faɗuwa sosai a can. A Tromso, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa ko kaɗan. An fi sa ran hasken tsakanin ƙarfe 10 na dare zuwa 2 na dare, kuma yakan yawaita a Satumba da Oktoba da Maris.

Ƙarfin rana yana hawa yana sauka cikin zagayen shekara 11. Zagayen da ake ciki ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktobar 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ƙololuwarsa. Idan rana ta yi wata babbar fashewa, abin da ta watso yakan iso duniya cikin kwana ɗaya zuwa uku, sai zoben ya faɗaɗa. Haka ta faru a Satumbar 1859, lokacin da aka ga hasken har a Kyuba da Hawai. Haka kuma a daren 10 zuwa 11 ga Mayun 2024, lokacin da aka ɗauki hotonsa a Meziko da Fulorida da Afirka ta Kudu.

Ɗaukar hoton arora tsohuwar gwagwarmaya ce. Farantan hoto na zamanin da ba sa kama haske mai rauni, ga shi kuma hasken ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ranar 5 ga Janairun 1892 wani Bajamushe mai suna Martin Brendel ya yi nasara a Bossekop, kusa da Alta, kuma hoton nasa yana cikin na farko da suka tsira zuwa yau. Daga 1910 masanin lissafi Carl Størmer na Nowe ya mai da abin aikin kimiyya. Yakan kafa kyamarori a wurare biyu masu tazarar kilomitoci, a haɗa su da wayar tarho, a ɗauki hoto a lokaci guda. Ta hanyar kwatanta inda hasken ya faɗo a gaban taurari a hotunan biyu, sai a lissafa tsayinsa. Dubban hotunan da ya tara ne suka tabbatar da cewa gefen ƙasa na hasken yana wajen kilomita 100 daga doron ƙasa.

A yau aikin yana farawa ne da duba hasashe iri biyu. Na farko hasashen gajimare. Abisko ta yi suna ne saboda tsaunukan da suke yamma da ita suna tare ruwa da gajimare, sai samanta ta yawaita washewa. Na biyu hasashen iskar rana. Akwai ma'aunin da ake kira Kp, mai hawa daga 0 zuwa 9. A ƙarƙashin zoben, Kp 2 ko 3 ya isa a ga haske. Wanda yake kudu da zoben sai ya jira 5 zuwa sama. Taurarin ɗan'adam da suke da nisan kilomita miliyan 1.5 a tsakanin duniya da rana suna auna iskar kafin ta iso, su ba da gargaɗin rabin awa zuwa awa ɗaya. Abin da ƙwararru suka fi sa wa ido a cikin bayanan shi ne alƙiblar maganaɗisun iskar. Idan ta juya kudu ta daɗe a haka, akwai kyakkyawan zaton hasken zai tashi. Bayan hasashe sai zaɓen wuri. Ana nisantar fitilun gari, a nemi fili inda arewa take buɗe, a kuma je a ga wurin tun da sauran haske domin a san inda rami yake da inda kogi yake.

Sai batun sanyi, kuma shi ne ginshiƙin maganar. A Kano, sanyin asubahin hunturu yakan tsaya tsakanin digiri 10 zuwa 15 sama da sifiri. A Tromso, inda ruwan teku mai ɗumi yake sassauta yanayi, matsakaicin Janairu yana wajen digiri 4 ƙasa da sifiri. A Fairbanks da Yellowknife kuwa, matsakaicin Janairu ya wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, kuma akwai dararen da yakan kai 40. Daren da sama ta washe, wato daren da ake nema, shi ne ya fi sanyi, domin babu gajimaren da zai riƙe ɗumin ƙasa. Iska tana ƙara wa abin muni. Ma'aunin hukumar yanayi ta Kanada ya nuna cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 ƙasa da sifiri, fatar da take buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Idan ya kai 40, minti 5 zuwa 10 ya isa. Mai ɗaukar hoto kuwa ba tafiya yake yi ba balle jikinsa ya ɗumama. Tsayuwa yake yi wuri ɗaya na awoyi.

Saboda haka tufafi hawa uku ake sawa. Na jikin fata ya zama na ulu ko na yadin roba mai fitar da gumi. Auduga ba ta da wuri a nan, domin tana shan gumi ta riƙe, gumin kuma ya huce a jiki. Hawa na biyu shi ne mai riƙe ɗumi, rigar ulu mai kauri ko mai cushe da gashin tsuntsu. Na uku mai tare iska da ruwa. Takalmi ya zama mai kaurin ƙasa, mai yalwa, domin takalmin da ya matse yana hana jini gudana, ƙafa ta yi saurin sandarewa. A rufe kai da kunne da wuya da hanci. Hannu kuma safa biyu yake buƙata: siririya a ciki wadda za a iya danna maɓalli da ita, da babba mai kauri a waje wadda take haɗa yatsu huɗu wuri ɗaya. Ana zare babbar ne na ɗan lokaci, a yi abin da za a yi, a mayar. Ba a taɓa ƙarfe da tsirarar fata a irin wannan sanyi, domin fatar tana mannewa. A tafi da shayi mai zafi a fulas da abinci mai sa kuzari, kuma a riƙa tattaki a wurin tsakanin hoto da hoto.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar kyamarar da take barin mutum ya saita komai da hannunsa, da gilashin gaba mai faɗin gani, mai milimita 14 zuwa 24, wanda ƙofar haskensa take buɗewa zuwa f/2.8 ko fiye. Ana buƙatar mariƙi mai ƙafa uku, mai ƙarfi, domin babu hannun da zai riƙe kyamara daƙiƙa biyar bai girgiza ba. A kan dusar ƙanƙara, ana tattake wurin ya daddale kafin a kafa ƙafafun. Idan na ƙarfe ne, a naɗe su da soso ko tsumma. A cire duk wani gilashin kariya da aka ɗaura a gaban idon kyamara, domin koren arora yana haifar da wasu zobba a tsakiyar hoto idan ya ratsa irin wannan gilashi. Tocilar goshi mai jan haske ita ta dace, saboda ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma farin haske yana rusa wannan sabo nan take, ya kuma ɓata hoton na kusa.

Kamfanoni suna ƙera yawancin kyamarori ne domin aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, ƙalilan ne aka ba su tabbacin digiri 10 ƙasa da sifiri. Suna yin aiki a ƙasa da haka, amma da rauni. Batir ne yake fara gazawa. Sanyi yana rage saurin sinadaran da suke cikinsa, sai kyamara ta nuna ya ƙare alhali da sauran caji. Maganin shi ne a tafi da uku ko huɗu, a ajiye su a aljihun ciki inda ɗumin jiki yake. Wanda ya mutu a cire shi a mayar aljihu, bayan ɗan lokaci zai farfaɗo. Allon bayan kyamara yakan yi nauyi, waya takan sandare har ta karye, roba kuma takan tsage da ɗan ƙaramin bugu. Numfashi ma abin kiyayewa ne. Wanda ya sunkuya ya yi numfashi a kan gilashi, tururin zai daskare a take, kuma ba a goge shi da safa domin zai ƙarce gilashin. Wasu sukan ɗaura 'yar jakar ɗumama hannu a jikin gilashin domin hana raɓa daskarewa.

Saitin kyamara ana yinsa ne tun a ɗaki, da hannu mai ɗumi, a ƙarasa a fili. Ana buɗe ƙofar haske iyakarta. Ana sa lambar ISO, wadda take nuna yadda kyamara take jin haske, tsakanin 1600 zuwa 3200 a matsayin mafari. Sai tsawon lokacin da kyamara za ta yi tana shan haske, kuma a nan ne gwaninta take. Idan hasken zirin nan ne mai rauni da ba ya motsi, daƙiƙa 10 zuwa 15 ta yi. Idan ya tashi yana rawa, sai a sauko zuwa daƙiƙa 1 zuwa 4, in ba haka ba layukan nan masu kyau za su narke su zama kore dunƙulalle marar siffa. Hasken yana iya ninka ƙarfinsa cikin daƙiƙoƙi, don haka ana sauya saitin a kai a kai. Kore ne yake fara ƙonewa a hoto idan haske ya yi yawa. Allon kyamara kuwa yana yaudara a duhu, domin komai ya nuna sai ya zama kamar ya yi haske. Jadawalin haske da kyamara take nunawa ya fi allon gaskiya.

Daidaita gani shi ne inda hotuna da yawa suke lalacewa. Kyamara ba ta iya daidaita kanta a duhu. Ana kashe wannan tsari, a nufi tauraro mai haske, a faɗaɗa shi a allo, a riƙa juya zoben gilashi a hankali har sai tauraron ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Daga nan a liƙe zoben da salatif. A sake dubawa bayan rabin awa, domin sanyi yana sa gilashi da ƙarfe su tsuke, ganin ya ɗan kauce. A sa kyamara ta jinkirta daƙiƙa biyu bayan danna maɓalli domin girgizar hannu ta lafa. A adana hoto a tsarin RAW, wanda yake riƙe dukkan bayanan da kyamara ta kama, a kuma tsayar da ma'aunin launi tsakanin 3500 zuwa 4000. Hoto yana yin armashi idan akwai wani abu na ƙasa a cikinsa, tsauni ko itatuwa ko bukka ko ruwan da bai daskare ba yana maido da koren. Wata marar cika yana taimakawa, domin yana haska dusar ƙanƙara ba tare da ya danne arora ba. Wayoyin hannu na zamani masu tsarin dare suna kama hasken, matuƙar an kafa su a kan wani abu, amma batirinsu ya fi na kyamara saurin mutuwa.

Komawa ɗaki ma yana da ƙa'ida. Kwalbar lemon da aka ciro daga firji tana yin gumi da zarar ta sha iskar waje. Haka kyamarar da ta kwana a digiri 30 ƙasa da sifiri take yi idan aka shigar da ita ɗaki mai ɗumi, sai dai nata gumin har cikin gilashi da wayoyin lantarki yake shiga. Don haka tun a waje ake cire batir da katin hotuna, a sa kyamara a ledar da take rufewa gam, a shiga da ita, a bar ta awa biyu ko fiye kafin a buɗe. Raɓar sai ta taru a jikin leda. Wannan ƙa'ida ta shafi shiga mota mai ɗumi ma.

Hoton da aka samu kusan kullum ya fi abin da ido ya gani launi. Dalili shi ne sassan idon da suke aiki a duhu ba sa bambance launi sosai, ita kuwa kyamara tana tara haske na daƙiƙoƙi. Arora mai rauni takan zama fara-fara ga ido, kamar siririn gajimare, amma ta fito kore shar a hoto. Wannan ba ha'inci ba ne. Ha'inci shi ne a ƙara launi har ya wuce gaskiya, ko a ɗauko saman wani wuri a ɗora a kan wani, a yi shiru. Hoto na gaskiya mai ɗauke da sahihin lokaci da wuri yana da amfani ga masana. A 2016 masu sha'awar ɗaukar hoto a lardin Albata na Kanada suka nuna wa masana wani siririn haske mai launin shunayya da suke yawan kamawa, wanda suka sa wa suna STEVE. A 2018 aka wallafa bincike a kansa, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa ya bambanta da arora da aka saba gani.

Akwai haɗurran da ba su shafi kyamara ba. Hanyoyi suna da santsi, kuma dabbobi sukan tsallaka su da dare, ciki har da garken barewar sanyi da al'ummar Sami suke kiwo, waɗanda bai kamata a firgita su da fitila ko jirgi marar matuƙi ba. Ba a ajiye mota a kan titi a duhu. Ba a hawa tafkin da ya daskare sai da izinin mutanen wurin da suka san kaurin ƙanƙararsa. Wanda ya zauna a mota da inji a kunne ya tabbatar dusar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba, domin hayaƙin da zai dawo ciki yana ɗauke da iskar guba marar wari mai kisa. Ba a fita shi kaɗai, kuma ana sanar da wani inda za a je da lokacin dawowa. Barasa tana sa mutum ya ji ɗumi alhali jikinsa zubar da ɗumin yake yi.

Alamar daskarewar fata ita ce wurin ya yi fari ko toka-toka, ya yi tauri, ya daina jin taɓi. Yatsu da hanci da kunne da kumatu ne suke fara kamuwa, kuma sau da yawa abokin tafiya ne yake fara lura. Ba a murza wurin, ba a goga masa dusar ƙanƙara, ba a kara shi a wuta. Ana tsoma shi a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, bayan an isa inda ba zai sake daskarewa ba, sannan a nemi likita. Idan kuma zafin jiki gaba ɗaya ya sauka ƙasa da digiri 35, sai karkarwa mai tsanani ta fara, magana ta karye, tunani ya rikice, barci ya riƙa fizgar mutum. Wannan hali ne na gaggawa.

Tarihin binciken arora kansa yana ɗauke da darasi. A ƙarshen shekarun 1890, guguwar ƙanƙara ta rutsa da ayarin Kristian Birkeland, masanin da ya danganta hasken da ƙwayoyin rana, a tsaunukan arewacin Nowe. Wani matashi a ayarin, Bjørn Helland-Hansen, wanda yake karatun likitanci, ya rasa sassan yatsunsa, ya bar likitanci ya koma nazarin teku. Kayan sawa na yau sun fi na wancan zamani, amma sanyin bai sauya ba. Rigakafi ya fi magani, kuma ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi a bayyane take: da zarar yatsa ya daina jin taɓi, ko karkarwa ta ƙi tsayawa, a naɗe kaya a nemi ɗumi, komai kyan da sama ta yi a wannan dare.